Ranar da Madafi ya Rufta kan Abincin Baƙi

Shekarun baya, lokacin ina lise, wato sakandare, a Maraɗi, na zo gida Madarumfa hutun damina, wani abu ya faru da mu wanda har yau bai fita raina ba. Jiya wata ƙawata ta kira ni tana kamar za ta yi kuka, wai miyarta ta ƙone ga baƙi a hanya. Ita ta tuno mini, na ce bari in ba ku nawa labarin.

Mahaifina yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa muke ce masa. Tun yana yaro ya yi doguwar jinya a wani asibitin mishan, can ya yi karatu, can ya zama Kirista, daga baya ya zauna Maraɗi yana aikin asibiti. Wannan bai taɓa raba su ba. Da Sallah yakan zo da iyalinsa, da Nowel kuma, wato Kirsimeti, matarsa, wadda muke kira Tanti, takan aiko mana da shinkafa da cincin. Abin da ya raba su rasuwar kakarmu ce. Ta cika da hantsi, aka aika a gaya masa, saƙon bai isa da wuri ba, kafin ya iso an riga an kai ta. Shi ya ɗauka da gangan aka yi don addininsu ba ɗaya ba. Baba kuma ya ji zafin a zarge shi da haka ranar da ya binne uwarsa. Suka gaya wa juna maganganu a zaure gaban mutane, Baffa ya shiga motarsa ya tafi. Daga ranar ƙafa ta ɗauke. Ni da nake karatu a gari ɗaya da shi, an hana ni ko leƙa gidansa.

Mahaifiyata, Inna, ita ce ba ta haƙura ba. Ta haɗu da Tanti a wani biki, suka keɓe, suka yi kukansu, daga nan kowace ta koma gida tana lallaɓa nata mijin. Aka daɗe ana haka. Ranar da Inna ta ce wa Baba za su zo cin abincin dare ranar Asabar, bai ɗago kai ba, ya ce, "Ƙohwa dai ba rufe take ba." Inna ta ce mini wannan a wurinsa daidai yake da wani ya yi guɗa.

Ba ku ga shiri ba. Zabin da ta yi shekara tana kiwo, waɗanda ko ƙwansu ba ta yarda a taɓa sai da izini, ta sa aka kama masu ƙiba aka yanka. Da sassafe ta tafi bakin tafki da kanta ta tsaya har masunta suka fito, ta zaɓo babbar tarwaɗa. Ga shinkafa, ga tattasai da albasa, ga daddawa sabuwar daka. Ni aka ɗora wa jajjage har hannuna ya yi kanta.

Damina kuwa ta yi nauyi a shekarar. An yi kwanaki ana ruwa, in ya tsaya da safe ya dawo da yamma, tafki ya cika har yana lasar gonakin bakinsa. Madafinmu tsohon ginin ƙasa ne, rufinsa azara da zana da laka a sama, bayansa kuma yana jingine da lungun da ruwan unguwa ke bi ya gangara. Ya fara yoyo tun farkon mako, shi ya sa Inna ta kwashe gari da kuka da sauran busassun kaya ta kai ɗakinta. Amma ba wanda ya kawo wa ransa komai. Ginin ya girme ni, kullum haka muke ganinsa.

Bayan la'asar ruwa ya ɗauke, sai ɗan yayyafi. Miyar zabi ta nuna, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta suna leƙowa da tsokana. Ina zaune gaban murhu ina juya kifi, Inna ta dube ni ta ce, "Ke, haka za ki tarbi mutanen birni, kina warin hayaƙi? Tashi ki sake kaya, ni na kama." Na tashi da murna, don dama abin da ke raina ke nan. Na bar ta a kan kujerar da na tashi, bayanta na jingine da bango.

Ina ɗaki ina fama da ɗaurin kallabi gaban madubi, na ɗaura na kwance, na ɗaura na kwance, sai na ji wata ƙara. Ba irin ta tsawa ba ce. Wani nauyayyen dim ne, da ya sa ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata, madubin ya karkace. Sai kaji suka hau kururuwa.

Na fito da gudu. Inda madafi yake, babu madafi. Tulin jiƙaƙƙiyar ƙasa ce kawai, azara sun turo kai ta ko'ina, tururi da hayaƙi suna fita ta tsakanin laka. Ina hango lungun baya fes, abin da ban taɓa gani daga tsakar gida ba.

Ina tsaye da kallabi a hannu kamar an dasa ni. Baba ya shigo daga masallaci da carbi a hannunsa, ya dubi tulin, ya dube ni. Sai a lokacin bakina ya buɗe.

"Inna na ciki! Baba, Inna na ciki!"

Ya jefar da carbin. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ko ruwa ake yi tafiyarsa ɗaya ce, shi ne ya faɗa kan tulin nan da gwiwoyinsa yana tono da hannu. Yana tono yana kiran ta. Kuma da sunanta na yanka yake kira. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ya kama sunan ba, kullum "ke" ne, ko "uwar yara". Ranar ya kira shi da ƙarfi har muryarsa ta dushe, yana tsayawa ya kara kunne a laka, ya sake kira. Wannan kiran ya fi faɗuwar ginin firgita ni.

Ƙannena suka ruɗe da kuka. Maƙwabta suka fara tururuwa, wani da fartanya, wani da shebur, wani yana cewa kar a sa ƙarfe kar a sare ta. Ni ma na durƙusa ina kwasar laka, amma ban san inda nake zubarwa ba, ina jin mayar da ita nake inda na ɗebo.

Ana cikin haka motar Baffa ta tsaya ƙofar gida. Na gan shi ya shigo cikin farar shadda mai guga, Tanti na bayansa da kwanon tsaraba. Ya yi turus. Wani ya ce masa, "Matar yayanka ce gini ya danne." Bai yi sallama ba, bai cire ko agogo ba. Ya ture mutane ya durƙusa kusa da Baba, kafaɗa da kafaɗa, ya ce, "Ina murhu yake? Ta wane gefe take zama?" Baba ya nuna da haɓa. Suka kama wata babbar azara tare, Baffa yana cewa, "Ɗaga, Yaya, ɗaga!" Suka ɗaga ta suka wurgar. Ƙarƙashinta garwashi ne da bai mutu ba, da tukunyar miya da ta lotse. Baba ya sa hannu cikin zafin nan ya ture tukunyar kamar ba ya ji. Sai ga kujerar da na bar Inna a kai, ta rabe biyu.

Da na ga kujerar nan, na zauna daɓas. Na ji kaina ya yi fayau, babu tunani ko ɗaya.

Sai muka ji ihu daga waje, muryar mace, tana tahowa tana kiran sunana. Wata ƙara ta biyo baya, ƙarfe ya faɗi a zaure yana gangarawa. Mutane suka dare. Inna ce. Ba takalmi, ba mayafi, zaninta duk taɓo.

"Ɗiyata! Ina ɗiyata? Ku hiddo mini ita!"

Ashe bayan na shiga ɗaki, ta tuna tirenmu ya yi ƙanƙanta, ta rage wuta ta fita aron babban tire gidan wata aminiyarta a can ƙarshen unguwa. Tana dawowa ta ga mutane suna gudu, wata mata ta ce mata, ba tare da ta dubi fuskarta ba, "Madahin gidan su wane ya danne mace!" Inna ta san ita dai ga ta a tsaye. To, wace mace ta rage? Ta ɗauka na gama ado na koma gaban murhu.

Ta gan ni zaune cikin laka. Na gan ta. Ba wadda ta iya motsi. Can ta taho ta kama fuskata da hannu biyu, tana shafa kaina, tana matsa kafaɗuna, kamar mai duba tulu ko ya tsage. Ni kuma na riƙe zaninta na ƙi saki, ƙatuwar budurwa da ni.

Baba ya miƙe a hankali, laka har gemunsa. Ya dube ta ya daɗe.

"Ina kika tahi?"

"Aron tire."

"Tire," in ji shi. Ya sake cewa, "Tire." Sai ya zauna kan tulin, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Har yau ban sani ba kuka yake ko dariya. Maza suka kau da kai. Baffa ya tsuguna gabansa ya janye hannuwan daga fuskar, ya juya su ya duba.

"Yaya, ka ƙone. Ga farce ma ya hita. A kawo mini ruwa mai tsabta."

Ya aiki Tanti ta ɗauko ƙaramin akwatin magani a mota. Ya wanke hannuwan, ya shafa magani, ya naɗe su da bandeji, Baba na miƙa masa su kamar yaro. Farar shaddar nan kuwa ta koma kalar tukunya.

Maƙwabta suka yi ta barka da arziki suna watsewa. Rana ta yi ƙasa. Sai a lokacin muka tuna cewa baƙi muka gayyata cin abinci, kuma abincin yana ƙarƙashin gini, da tukwanen, da itacen, da ludayin, da komai.

Baffa ya ce, "Ku huta, kun ga tashin hankali. Mu za mu koma, wata rana ma zo."

Inna ta ce, "Wallahi ba mai hita gidan ga da yunwa. Na gaji da wata rana."

To, me za a ci? Nan fa shawara ta ɓarke. Ni, ƴar lise mai ilimi, na ce a tono naman zabin a wanke a sake soyawa. Har na je na ɗauko cinya guda na nuna. Laka da toka sun shige ta har ƙashi. Inna ta dube ni, ta dubi cinyar, na mayar da ita inda na ɗauko ba tare da an ce mini komai ba. Na ce to a je tasha a sayo balangu. Baba ya ce ruwan nan ya kori masu nama tun azahar. Na ce burodi da sardin fa? Inna ta ce, "Mutum ya yi shekaru bai taka gidan ubansa ba, in tarbe shi da gwangwani?" Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce za ta raba tuwonta biyu, amma mun san gidanta da yawan masu ci, Inna ta yi godiya ta ce tukwane biyu kawai za ta ara mana.

Tanti ce ta ajiye jakarta, ta cire takalmanta masu tsini. Ni a zuciyata kullum ina ɗaukarta matar birni mai girki da gaz, wadda hayaƙi ke sa wa ciwon kai. Ta ɗaure zani a ƙirji bisa rigarta ta ce, "Yaya, mi ya rage cikin ɗakinki?"

Inna ta fara lissafowa da murya a sanyaye: garin wake, garin rogo, kuka, kanwa, man gyaɗa a jarka, yaji, ɗan ƙuli-ƙuli.

"To ai ɗanwake ya samu," in ji Tanti. "Ƙwai fa?"

Akwai ƙwan zabi cike da ƙwarya ƙarƙashin gado, na waɗanda aka yanka da waɗanda suka tsira. Ga zogale tsaye a kusurwar gida, damina ta sa ya yi lif. Saura wuta, don duk wani itace na gidan ya jiƙe ko ya binne. Baffa ya koma kan tulin ya jawo azara da zanar rufi, ya ce cikinsu a bushe yake, shekara da shekaru hayaƙi na gasa su. Ya karɓi gatari ya faskara. Muka ɗauko tubala uku daga bangon da ya faɗi muka kafa murhu a tsakiyar tsakar gida, nesa da kowane gini, don ba wanda ya yarda ya sake matsawa kusa da bango. Itacen nan ya kama kamar an zuba masa kananzir.

Tanti ta kwaɓa garin da kuka da ruwan kanwa, ruwa na tafasa muka zagaye tukunya muna sakawa. Nata ƙanana ne sumul, duk kai ɗaya. Na Inna sun fi girma kaɗan. Nawa kuwa, Allah ya sani, wani kamar ƙwallon goruba, wani kamar wutsiyar ƙadangare. Tanti ta ce, "Wanga dai naki ne, ke za ki ci abinki." Inna ta yi dariya karo na farko, sai dariyar ta juye kuka, ta goge da gefen zani ta ci gaba da sakawa. Kowane lokaci kaɗan takan miƙo hannu ta taɓa ni, a gwiwa ko a baya. Na tsinko zogale aka dafa a ƙaramar tukunya, aka kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasar da maƙwabciya ta miƙo. Ƙwai kuma aka jefa cikin ruwan ɗanwaken bayan an tsame.

Aka kira magariba. Baba ya tashi zai yi alwala, ya tsaya yana duban hannuwansa da ke naɗe, ya rasa yadda zai kama buta. Baffa ya ɗauki butar ya bi shi gefe. Ina kallonsu ta cikin hayaƙi, ƙanen yana zuba ruwa a hankali yana wanke masa ƙafa, yana cewa kar ya jiƙa bandejin, shafa ta isa. Baba ya yi sallarsa a zaure, Baffa na zaune bakin ƙofa yana jiransa.

A kan tiren aron nan aka zuba, bayan an tsince shi a zaure da lotsawa a gefe. Ɗanwake, man gyaɗa da aka soya, yaji, ƙwan zabi a yanyanke, kwaɗon zogale a gefe. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. A gidanmu maza daban suke ci, mata daban, amma ranar ba wanda ya tuna da wannan. Baba ya yi bisimilla, ya ga Baffa da Tanti sun sunkuyar da kai suna tasu addu'ar, sai ya dakata har suka ɗago. Da yake ba ya iya riƙe cokali, Baffa ya feƙe masa tsinke ya soka masa tsakanin yatsu biyun da suka tsira.

Ba a yi hira mai yawa ba. Kowa yana ci yana satar kallon tulin ƙasar, wanda har lokacin ƙamshin miyar zabi ke fita daga cikinsa. Can Baba ya soki wani ƙaton ɗanwake ya ɗaga shi sama ya ce, "Wanga wa ya yi shi?" Duk aka nuna ni. Baffa ya ce, "Irin na Iya ne sak. Ka tuna nata? Sai ka gutsura sau uku." Iya ita ce kakarmu, wadda tun rasuwarta ba su ambace ta tare ba. Na ga Inna ta daina tauna. Baba ya daɗe yana duban tsinken, sannan ya ce, "Na tuna. Kai ne kake ɓoye naka cikin aljihu." Suka yi dariya ƴar kaɗan, suka ci gaba da ci. Tiren nan sai da aka suɗe shi.

Da za su tafi, Baba ya raka su har mota, abin da ba ya yi wa kowa. Baffa ya ce zai dawo jibi ya sake masa bandeji. Ya dawo kuwa, kuma bai daina dawowa ba.

Abin da ya rage mini daga ranar, gaskiya ba wani babban darasi ba ne, tsoro ne. Na yi kwanaki ban iya shiga ɗaki ba sai na dubi rufi. Har yanzu da nake gidan kaina, ginin siminti, in ruwa ya kwana biyu yana zuba sai in tsinci kaina ina zagaya bango ina dannawa da tafin hannu, maigidana yana mini dariya. Wani lokaci ina cikin girki sai lissafin ya zo mini da kansa: da kallabin nan ya ɗauru tun farko na koma madafi, ko da tirenmu ya kai girman da Inna ke so. Sai in ajiye ludayi in zauna tukuna.

Abu ɗaya dai ya sauya mini hali. Girki ya lalace, ba na tayar da hankali. Miya ta ƙone, gaz ya ƙare, nama ya yi wari, sai in tsaya in duba mutanen gidan, kowa na nan da ƙafafunsa, sannan in tambayi kaina me ya rage a ɗaki. Kusan kullum akwai abin da ya rage. Haka na ce wa ƙawata jiya, ta ce ni ba ni da tausayi, daga baya ta dafa taliya da manja da yaji, baƙinta suka cinye.

Na taɓa tambayar Inna, bayan shekaru, ko Baba da Baffa sun zauna sun warware maganar rasuwar nan, wa ya ba wa haƙuri. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin sun tayar da zancen ba, kuma ba ta tambaya ba.

"Mutum ya sa hannu cikin garwashi tare da kai," in ji ta, "sai kuma ka ce ya zo ya ba ka haƙuri? Miƙo mini wancan kwanon."